Yadda Ake Koyar da Insha'i da Gyara Shi Ba Tare da Malami Ya Kwana Kan Jan Biro Ba

Tambayar da malamai suka fi yawan yi mini ita ce: "Malam, ina gyara insha'i har idona ya yi ja, amma kuskuren da yaran nan suka yi a makon jiya shi suke maimaitawa yau. Ina matsalar take?" Wasu kuma kukansu yawan ɗalibai ne, wasu yadda za su raba maki ba tare da an ce sun yi son kai ba. Na amsa wa wannan, na amsa wa wancan, har na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki.

Ni ma na sha wannan wahalar. A shekarata ta farko da fara koyarwa nakan kwashi littattafan aji gaba ɗaya in tafi da su gida, in bi kowane layi, in gyara kowane harafi. Wata rana da na raba musu, sai na tsaya ina kallon wani yaro da na ɓata kusan minti 15 a kan shafinsa. Ya buɗe, ya duba ƙasa, ya ga 11 bisa 20, ya leƙa na maƙwabcinsa, ya rufe littafin ya cusa a jaka. Ko kalma ɗaya daga abin da na rubuta bai karanta ba. Laifin ba nasa ba ne. Aikin ya riga ya wuce, maki ya riga ya shiga, me zai yi da sharhina? Ihu ne bayan hari.

Tsarin da zan bayar na insha'i guda ne, daga ranar da ka ba da aiki zuwa ranar da ka shigar da maki. Yana cin darasi biyar zuwa shida, wato kamar mako biyu, kuma yana aiki ko da wane harshe kake koyarwa. Kayan aikin ba su da yawa: allo, biro, agogo, takardar ma'auni (wato yadda za a raba maki), samfurin rubutu uku, da wani ɗan littafi naka na kanka da za ka riƙa rubuta kurakuran aji a ciki. Abin da zai ci maka shi ne lokaci, kuma na yi lissafinsa a mataki na 10.

1. Zaɓi abu ɗaya ko biyu da kake son koyarwa

Kafin ka rubuta komai a allo, tambayi kanka: idan aka gama wannan aikin, mene ne yaran nan za su iya wanda ba su iya ba a da? Amsar kada ta zama "rubutu mai kyau". Wannan buri ne, ba darasi ba. Ta zama irin su "kawo ra'ayi tare da hujja biyu da misali", ko "raba bayani zuwa sakin layi, kowanne da magana ɗaya". Rubuta amsar a jimla ɗaya ka ajiye, domin ita za ta jagoranci duk abin da zai biyo baya.

Hattara: idan ka zaɓi abu biyar, ba ka zaɓi komai ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar.

2. Gyara tambayar kafin ka ba da ita

Rabin munanan insha'in da muke karantawa mu muka jawo su da bakinmu. Ka ce wa yaro "Rubuta insha'i kan muhimmancin ilimi", me kake jira? Zai cika maka shafi da maganar da ya ji manya suna yi, wadda babu wanda ya taɓa musu a kanta. Tambaya mai kyau tana gaya wa ɗalibi abu uku: wa zai karanta, me ake son mai karatun ya yi ko ya gane, da kuma tsawon da ake bukata.

Kwatanta waccan da wannan: "Rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa kana neman a riƙa barin ɗakin karatu a buɗe na awa ɗaya bayan an tashi. Kawo dalili biyu, kowanne da misali daga abin da ka gani da idonka. Ka kuma amsa uzuri ɗaya da kake jin shugaban zai iya kawowa. Kada ta wuce shafi ɗaya da rabi." Yanzu yaro yana da mutumin da zai shawo kansa, yana da abin faɗa.

A 2007 wasu masu bincike biyu a Amurka, Steve Graham da Dolores Perin, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan koyar da rubutu daga aji huɗu zuwa ƙarshen sakandare, suka jera hanyoyi 11 da suka nuna amfani. Bai wa ɗalibi takamaiman abin da ake son ya cimma yana cikin na sama-sama. Zan sake komawa kan wannan jerin nan gaba.

Hattara: ka gwada amsa tambayar da kanka na minti biyar. Idan kai malami ka rasa abin rubutawa, yaro ma zai rasa.

3. Rubuta ma'auni tun kafin a fara

A nan malamai da yawa suke cewa su ba sa bukatar ma'auni, da sun ga rubutu mai kyau sun san shi. Bari in ba da labarin wani gwaji. A 1961 Paul Diederich da abokan aikinsa biyu a hukumar jarrabawa ta ETS da ke Amurka sun bai wa mutum 53 insha'i 300 na ɗaliban shekarar farko a jami'a. Cikin masu karatun akwai malamai, marubuta, editoci, lauyoyi da shugabannin kamfanoni. Ba a ba su ma'auni ba, an dai ce kowa ya raba takardun zuwa matakai tara. Da aka haɗa sakamako, takardu 101 sun sami kowane mataki daga 1 har 9. Takarda guda, wani ya ce ita ce gwarzo, wani ya ce ita ce ta ƙarshe. Babu takardar da ta sami ƙasa da matakai biyar mabambanta. Wani tunani yake dubawa, wani tsari, wani ƙa'idojin rubutu, kuma kowa yana jin shi ne ya san rubutu mai kyau.

To, ga yadda nake raba maki 20 a wasiƙar da ke sama: hujja da misali 8, tsari 6, ginin jimla da zaɓin kalma 3, ƙa'idojin rubutu 3. Abin da ka zaɓa a mataki na 1 shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Sai ka bayyana kowane mataki da abin da ido zai gani a takarda. A ɓangaren hujja, misali: 7 zuwa 8, dalili biyu, kowanne da misali na zahiri, an kuma amsa uzurin shugaba, 4 zuwa 6, akwai dalilai amma misali ɗaya ne, ko an tsallake uzurin, 1 zuwa 3, ana ta maimaita ra'ayi ba hujja.

Hattara: kalmomi irin su "da kyau ƙwarai", "da kyau", "ba laifi" ba ma'auni ba ne, sunayen maki ne kawai. Kuma kada ma'aunin ya wuce rabin shafi. Na taɓa ganin mai ɓangarori 12, wanda ko mai shi bai haddace ba. Ka rubuta naka a allo, ɗalibai su kwafa a gaban littafi tun ranar farko. Ɓoye wa yaro abin da za a auna shi da shi ba tsauri ba ne, tarko ne.

4. Nuna musu samfuri, sannan ka rubuta a gabansu

Kawo rubutu uku kan wata tambaya mai kama da wannan: mai ƙarfi, matsakaici, da mai rauni. Na ɗaliban shekarun baya sun fi, bayan ka cire sunaye, ko kuma ka rubuta su da kanka. Raba ajin kashi-kashi, kowane kashi ya ba su maki da ma'aunin nan, sannan a yi gardama. Gardamar ita ce darasin. Lokacin da yarinya ta ce "wannan bai kai 7 ba, don misalinsa ba misali ba ne, ra'ayin ya sake faɗa", ta koyi abin da jawabinka na rabin awa ba zai koya mata ba.

Bayan haka ka ɗauki alli ka rubuta sakin layi guda a allo, kana faɗar tunaninka da ƙarfi. "Da me zan fara? Bari in fara da dalili mafi ƙarfi. A'a, wannan jimlar ta yi tsawo, in raba ta. Shugaba zai yarda da wannan kuwa? Ina misali?" Ka soke, ka sake, su gani. Yara da yawa sun ɗauka cewa wanda ya iya rubutu, jimla tana sauko masa ne a gyare. Gani ya kori ji.

Hattara: samfuri guda ɗaya tak yana haifar da kwafi. Za ka karɓi wasiƙu 50 masu buɗewa iri ɗaya. Shi ya sa na ce uku, kuma a kan wata tambayar daban.

5. Tara magana da tsara ta

Abin da ya zo kan gaba a jerin Graham da Perin, tare da koyar da taƙaita rubutu, shi ne koya wa ɗalibi dabarun tsarawa, sake dubawa da gyarawa a fili, mataki-mataki, har ya iya yi shi kaɗai. Cewa "ku yi tsari kafin ku fara" ba koyarwa ba ce. Ba su tsarin a hannu. A rubutun ra'ayi ina amfani da tambayoyi huɗu da suke haddacewa: Me nake so? Don me? Ina misali? Me za a ce a musa mini, kuma me zan amsa?

Minti biyar kowa ya tattauna da na kusa da shi, minti goma ya amsa tambayoyin huɗu a gajerun kalmomi, ba cikakkun jimloli ba. Kai kuma kana zagayawa. Duk wanda gurbin misalinsa yake wayam, tsaya a kansa yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gyara tsari na layi huɗu ya fi gyara shafi biyu sauƙi.

6. Daftarin farko a cikin aji

A rubuta shi a gabanka, minti 25 zuwa 30. Su riƙa tsallake layi ɗaya, su bar fili a gefe, domin nan gyara zai shiga. Gaya musu cewa wannan daftari ne, sokewa ba laifi ba ne, kuma ba za a ba shi maki ba.

Hattara: idan ka mayar da daftarin farko aikin gida, ba ka san rubutun wa za ka karanta ba, na yayansa ne, na intanet ne, ko na manhajar ƙirƙirarriyar basira. Manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura kuwa suna kuskure. Kamfanin OpenAI, mai ƙera manhajojin ƙirƙirarriyar basira, da kansa ya janye tasa a 2023 saboda ba ta cika dacewa ba. Kada ka tuhumi yaro da hujjar manhaja kaɗai. Tsarinsa da daftarinsa na aji su ne shaidarka, in kuma kana shakka, kira shi ya yi maka bayanin sakin layi ɗaya da baki.

7. Ɗalibi ya karanta na ɗan'uwansa

Su yi musayar littafi bibiyu, minti 15. Kada ka ce "ku gyara wa juna", domin abin da za ka samu shi ne "ya yi kyau" ko kuma farautar waƙafi. Ba su aiki ƙayyadajje: ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta faɗi abin da marubucin yake so, sa lamba 1 da 2 a kan dalilan, zagaye kowane misali, sannan a sa alamar tambaya a inda aka kasa ganewa. Idan mai karatu ya nemi abin zagayewa ya rasa, marubucin ya ga giɓinsa da idonsa ba tare da kowa ya ci masa fuska ba.

8. Sharhinka: a kan daftari, kuma ba tare da maki ba

Wannan shi ne gundarin aikin, don haka zan ɗan jima a kansa.

Da farko, lokaci. Sharhi yana da amfani ne kawai idan akwai sauran damar aiki da shi. Saboda haka ƙarfinka ya tafi kan daftari, ba kan kwafin ƙarshe ba.

Na biyu, kada ka sa maki. A 1988 Ruth Butler ta yi gwaji da ɗalibai 132 'yan aji biyar da shida a Isra'ila. Wasu ta ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu kuma duka biyun. Waɗanda suka sami sharhi kawai aikinsu ya inganta. Masu maki kawai ba su ci gaba ba. Abin mamakin shi ne masu duka biyun: sakamakonsu ya yi kama da na masu maki kawai, tamkar ba a rubuta musu komai ba. Ayyukan da ta ba su na wasa ƙwaƙwalwa ne, ba insha'i ba, amma duk malamin da ya taɓa raba takardu ya san wannan yaron nawa mai 11 bisa 20. Lamba tana cinye sharhi.

Na uku, karanta takardar gaba ɗaya sau ɗaya, biro yana ajiye. Wannan ya fi komai wuya, hannu yana ƙaiƙayi. Amma idan ka fara gyara tun daga layin farko, za ka ƙare da gyaran harafi a sakin layin da ya kamata a jefar da shi ɗungurum. Nancy Sommers ta yi nazarin sharhin malamai 35 a jami'o'i biyu na Amurka, ta wallafa a 1982. Ta tarar malami yakan gyara waƙafi da kalmomi a cikin sakin layi, sannan a gefe ya ce a sake gina shi. Ɗalibi ya rasa wanne zai bi, ya gyara ne ko ya rushe? Ta kuma tarar yawancin sharhin za a iya ɗauke shi daga wannan takarda a manna a waccan ba tare da kowa ya lura ba.

Ga misali. Ɗalibi ya rubuta: "Ya kamata a buɗe ɗakin karatu bayan an tashi saboda yana da muhimmanci sosai. Karatu yana da muhimmanci ga ɗalibai. Duk wanda ba ya karatu ba zai ci gaba ba. Saboda haka a buɗe ɗakin karatu."

Sharhin da muka saba shi ne "Ƙara bayani." Yaron zai ƙara jimla biyu, duk kan muhimmancin karatu, ya dawo maka da ita. Gwada wannan: "Tun jimlar farko na gane abin da kake nema, wannan ya yi. Amma shugaba ya riga ya san karatu yana da muhimmanci. Abin da bai sani ba shi ne me ke hana ka karatu a gida. Faɗa masa abu ɗaya da ya faru da kai a makon nan." Abin da irin wannan sharhin yake jawowa shi ne jimla kamar: "Ranar Talata na zauna zan yi bitar lissafi, ƙannena uku suna wasa a ɗakin, har dare ban gama shafi ɗaya ba." Yanzu wasiƙar tana da abin da zai tsayar da mai karatu.

Siffar sharhin ke nan: abu ɗaya da ya yi daidai, ka nuna shi a inda yake, sai abu ɗaya, iyaka biyu, da zai yi a gaba, a faɗe shi a matsayin aiki ko tambaya. Layi uku zuwa huɗu. Jarraba sharhinka da wannan: idan yaro ya karanta, ya san abin da hannunsa zai fara yi? Idan bai sani ba, sake rubutawa.

Hattara da abu biyu. Kada ka rubuta masa jimlar da kanka, domin zai kwafe ta, rubutun ya zama naka. Kuma sharhi ya tsaya kan aikin, kada ya hau kan mutum. "Ba ka da himma" ko "kai haziƙi ne", duk ba su gaya masa abin yi ba. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara ɗaruruwan gwaje-gwaje kan gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance, a makarantu da wuraren aiki, suka tarar a fiye da kashi ɗaya cikin uku abin ya rage ƙwazo ne maimakon ya ƙara, musamman idan ya karkata hankalin mutum zuwa kansa maimakon aikin. Yin sharhi kawai ba shi ne taimako ba.

9. Kurakuran ƙa'ida da ranar sake rubutu

"To Malam, a bar kurakuran ke nan?" A'a. A canja wanda zai gyara su ne. Idan kai ka gyara, kai ne ka yi atisaye, kuma kai ka riga ka iya. Sa 'yar alama a gefen duk layin da ke da kuskure, biyu idan kuskuren biyu ne, kada ka nuna inda yake. Richard Haswell ya bayyana wannan dabarar a 1983, kuma ɗalibansa sun gano fiye da rabin kurakuransu da kansu. Kurakuran da suka gano na ganganci ne da gaggawa. Waɗanda suka kasa ganowa su ne jahilci na gaske, su za ka koyar.

Ga mai kurakurai barkatai, yi wa sakin layi ɗaya kawai alama, ko ka bi nau'in kuskure ɗaya. Shafin da ya rine da ja ba ya gaya wa yaro komai sai cewa bai iya ba.

Yayin da kake karantawa, ɗan littafin nan naka yana buɗe a gefe. Duk kuskuren da ka gani sau uku, rubuta shi. A rubutun Hausa, misali, za ka yi ta cin karo da "yace" maimakon "ya ce", "shine" maimakon "shi ne", raba "yana" zuwa "ya na", rikita "akan" da "a kan", da zubar da ƙugiya, har "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata". Zaɓi biyu mafi yawa, ka buɗe darasi na gaba da su na minti goma, da jimloli daga rubutun ajin ba tare da suna ba.

Hattara: kada ka ga kurakurai ka tsayar da rubutu ka koma haddar nahawu na mako uku. Tun 1963 wani babban bitar bincike da Richard Braddock ya jagoranta ya nuna koyar da nahawu shi kaɗai ba ya inganta rubutu, yana ma iya cutarwa saboda lokacin da yake ƙwacewa. Graham da Perin sun sake samun haka a 2007. Abin da ya nuna amfani shi ne haɗa jimloli. Rubuta a allo: "Yaron ya makara. An yi ruwa. Hanya ta yanke." Su haɗa su ta hanyoyi daban-daban: "Yaron ya makara saboda ruwan da aka yi ya yanke hanya." "Da yake ruwa ya yanke hanya, yaron ya makara." Sai a tattauna wacce ta fi dacewa, kuma a wane wuri. Binciken Debra Myhill da abokan aikinta a Jami'ar Exeter ta Ingila ya nuna nahawun da aka saƙa cikin darasin rubutu ta irin wannan hanya yana taimakawa, kodayake ɗaliban da tun asali suke da ƙarfi sun fi cin gajiyarsa. Masu rauni suna bukatar ka zauna kusa da su.

Sauran darasin na sake rubutu ne, a aji, minti 25. Tsarin aikin: a fara da sharhin malami, sannan tsari, sai a ƙarshe a bi alamomin gefe. Ɗalibai sun ɗauka sake rubutu shi ne kwafe abu ɗaya da kyakkyawan hannu, ko canja kalma da 'yar'uwarta. Don toshe wannan, kowa ya ja layi ƙarƙashin abin da ya canja, ya rubuta a ƙasa jimla ɗaya: "Na canja kaza saboda kaza." Ya miƙa kwafin ƙarshe haɗe da daftari. Idan lokaci ya ƙure maka har za ka tsallake wani mataki, tsallake na 7. Sake rubutun nan kam kada ka taɓa shi, domin idan babu shi, duk wahalar mataki na 8 zuba ruwa ne a rariya.

10. Ba da maki da lissafin lokaci

Yanzu ne lokacin lamba, kuma aikin ya yi sauƙi, domin ka riga ka san takardun. Naɗe sunaye ko ka sa su rubuta lamba. Kowa yana da yaron da yake tausayi da wanda ya gundure shi, kuma hannu yana bin zuciya ba tare da mai shi ya sani ba. Karanta takardu shida ko bakwai kafin ka ba kowa maki, ka zaɓi uku su zama samfurin sama, tsakiya da ƙasa, ka ajiye su a gabanka. Duk lokacin da ka yi shakka, kwatanta da su. Ido ya fi iya cewa "wannan ta fi waccan" a kan cewa "wannan 13 ce".

Kada ka wuce takarda 15 zuwa 20 a zama ɗaya. Gajiya tana canja ma'auni, wani ya ƙara tsauri, wani ya fara rabon maki kamar sadaka. Takarda matsakaiciya da ta biyo bayan mai kyau sosai takan sha ƙasa, wadda ta biyo bayan mai rauni kuma ta sami gata. Da ka gama, koma kan biyar na farko ka sake dubawa. Idan akwai abokin aiki mai koyar da aji iri ɗaya, ku yi musayar takarda biyar kowa ya ba da maki a ɓoye. Bambancin da ya wuce maki 2 cikin 20 yana nufin ku zauna ku sake karanta ma'aunin tare.

Hattara da kyawun hannu da tsawo. An sha gwadawa an ga rubutu ɗaya yana samun maki mafi yawa idan hannun yana da kyau. Shafi uku na maimaici kuma bai fi shafi ɗaya mai hujja ba. A kwafin ƙarshe kada ka sake dogon sharhi: makin kowane ɓangare daban, da layi ɗaya kan abin da ya inganta daga daftari.

Ga lissafin aji mai ɗalibai 50. Tsohuwar hanya, minti 12 kowace takarda, minti 600 ke nan, awa 10 cur. Wannan hanyar: karatun farko minti 1, sharhi minti 3, makin ƙarshe minti 3, jimilla minti 7 sau 50, wato minti 350, ƙasa da awa 6. Sa agogo a gabanka, domin minti 3 yana zama 10 idan ba ka kula ba. Makon farko za ka wuce lissafin, kowa yana wucewa.

Idan ajin ya haura 80, raba shi kashi huɗu. A kowane aiki kashi ɗaya ne zai sami rubutaccen sharhi, sauran kuma ka karanta nasu da sauri, ka rubuta manyan matsaloli uku a allo da lamba, ka sa wa kowa lambar da ta shafe shi a saman takardarsa. Kafin zango ya ƙare kowa ya sami nasa. Kuma ba kowane rubutu ne sai ka karanta ba. Su riƙa gajeren rubutu na minti goma sau biyu ko uku a mako, misali taƙaita abin da aka karanta a layi biyar, ka duba na mutum biyar kawai.

11. Ajiye shaida don aiki na gaba

Kowane ɗalibi ya ajiye tsarinsa, daftari da kwafin ƙarshe wuri ɗaya. A ƙarshen zango ya ɗauko aikin farko da na ƙarshe ya shimfiɗa su gefe da gefe, ya rubuta abu biyu da ya iya yanzu da abu ɗaya da har yanzu yake ba shi wuya. Wannan takardar ce za ka nuna wa uba ko uwa idan suka zo tambayar ko ɗansu yana ci gaba, ta fi jerin lambobi bayani.

Kai kuma koma ɗan littafinka. Duba ɓangaren ma'aunin da ajin ya fi faɗuwa a kai. Idan hujja ta gyaru amma sakin layi har yanzu a cakuɗe yake, ka sami jimlar da za ka rubuta a mataki na 1 na aikin mako mai zuwa, kuma tsari ne zai ɗauki maki 8 a wannan karon.